Kujeru Biyu a Arewacin Kogi: Tarihi da Tsarin Ginin Manyan Majami'un Kaduna

Gabatarwa



In aka ce wa mutum ya lissafa gine-ginen da ake gane Kaduna da su, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Zauren Lugga mai ƙubba, inda majalisa ke zama, sa'an nan Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki, da Dandalin Murtala, da Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna. Da wuya ka ji ya ambaci manyan majami'u guda biyu da ke tsakiyar gari, arewa da kogi, wato ta 'yan Angalikan mai sunan Mika'ilu, wadda aka fi sani da St. Michael, da ta 'yan Katolika mai sunan Yusufu, wadda aka fi sani da St. Joseph. Alhali kuwa akwai zamanin da duk wani coci na waɗannan ɗarikoki biyu a faɗin Jihar Arewa yake ɗaga kai ya dubi ɗaya daga cikinsu.

Nufina a wannan lacca shi ne in amsa tambayoyi huɗu. Mene ne ya bambanta irin wannan majami'a da sauran? Wace hanya ta kawo ta Kaduna, kuma don me ta zauna a wannan gefe na kogi? Me tsarin gininta yake faɗa mana? Daga ƙarshe kuma, mene ne matsayinta yau da kogin ya koma kamar iyaka tsakanin mazauna garin? Zan yi maganar ne a matsayin ɗalibin harshe da tarihi, domin gini shaida ne, kuma ana sauraron shaida ko da ba ɗan gida ba ne.

Kalmar da ma'anarta

Tun da aikina harshe ne, bari mu soma da kalmomi. Bahaushe yana da sunaye uku da yake amfani da su a nan. Akwai "coci", wanda aka aro daga Ingilishi. Akwai "majami'a", wadda tushenta Larabci ne, tushe ɗaya da "jama'a" da "Juma'a" da ita kanta "jami'a" da muke zaune a cikinta, duk ma'anarsu tana komawa ga taruwa. Akwai kuma "ikilisiya", wadda asalinta Girkanci ne, ana nufin su mutanen da suka taru, ba ɗakin da suka taru a ciki ba.

To, amma kalmar da Turawa ke kiran babbar majami'a da ita, wato katidiral, ta fito ne daga wata kalmar Girkanci, katedira, wadda ma'anarta kujera ce kawai. Bishop, wato shugaban da ke riƙe da wata gunduma ta coci-coci wadda ake kira dayosis, yana da kujera guda ɗaya tak a duk gundumarsa wadda take alamar ikonsa na koyarwa da hukunci. Duk majami'ar da aka girka wannan kujera a cikinta, ita ce katidiral, ko da kuwa akwai wadda ta fi ta girma da ado a unguwar gaba. Misali biyu za su ishe mu. Kujerar Paparoma, a matsayinsa na bishop na birnin Roma, tana majami'ar Yahaya ta Lateran ne, ba a shahararriyar majami'ar Bitrus ta Fadar Batikan ba. Haka kuma katafariyar majami'ar da Shugaba Hufuwe Buwanyi ya gina a Yamusukuro, aka keɓe ta a 1990, duk girmanta ba katidiral ba ce.

Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu. Attajiri yana iya gina soro wanda ya fi na sarki tsawo, amma ba wanda zai kira gidansa fada, saboda ba a nan karaga take ba. Saboda haka in muka ce Kaduna tana da katidiral biyu, abin da muke nufi shi ne an ajiye karaga biyu ta mulkin coci a garin, kuma tarihin yadda aka ajiye su yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin yadda garin ya zama wurin zaman mulkin Arewa.

Asalin siffar ginin

Kiristocin farko a gidaje suke taruwa, domin daular Rum ba ta yarda da addininsu ba. Da Sarki Kustantin ya ba su 'yanci a shekara ta 313, sai suka bukaci manyan ɗakuna. Ba su kwaikwayi ɗakin gumakan Rumawa ba, saboda shi an gina shi ne don gunki ya zauna ciki, jama'a kuwa su tsaya waje. Abin da suka ɗauka shi ne ginin da Rumawa ke kira basilika, wani dogon zaure na shari'a da ciniki, mai layin ginshiƙai dama da hagu, da wani lungu mai siffar rabin da'ira a ƙuryarsa inda alƙali ke zama. Sai bishop ya gaji mazaunin alƙali, jama'a suka cika zauren. Daga baya aka riƙa ƙara fiffike biyu a gicciye kusa da ƙurya, har ginin ya zama in ka hango shi daga sama sai ka ga siffar gicciye, kuma aka saba fuskantar da ƙuryar gabas.

A ƙarni na 12 maginan Faransa suka fito da salon da ake kira Gotik, wanda ake ƙirga farkonsa daga majami'ar San Dani kusa da Faris, wajen 1144. Alamarsa ita ce baka mai tsini a sama, da dogayen tagogi masu gilashi kala-kala. Ya kamata ɗalibai su sani cewa ita wannan baka mai tsini ta daɗe a ƙasashen Musulmi kafin ta isa Faransa, ana ganinta a Masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira wanda aka gama a 879. Haka nan ƙubbar majami'ar Aya Sofiya, wadda aka gama a 537, ita ce maginan Daular Usmaniyya suka zuba wa ido lokacin da suke gina manyan masallatan Istambul. Magina sun daɗe suna aron dabara a wurin juna ba tare da tambayar inda mai dabarar ke fuskanta in zai yi ibada ba.

Wannan salo na Gotik shi ne 'yan mishan na ƙarni na 19 suka ɗauka cewa shi ne kamannin coci na ainihi, suka kawo shi gaɓar teku. Babbar majami'ar Angalikan ta Ikko, wadda aka aza harsashin gininta na yanzu a 1925 aka gama a 1946, ita ce shahararren misalinsa a Nijeriya.

Hanyar da ta kawo mishan Arewa

Sawun Kiristocin Turai a ƙasar Hausa ya girmi mulkin mallaka. A 1711 wasu limaman Katolika biyu da suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Agadas sun rasu a Katsina, ba su bar coci ko mabiya ba. Aikin da ya ɗore ta kogin Kwara ya biyo. A 1841 Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön suka shigo tare da ayarin binciken Kwara, shi Schön ɗin kuwa shi ne ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. 'Yan Katolika na ƙungiyar S.M.A., wadda aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, sun sauka Lakwaja a 1884.

A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya jagoranci wani ɗan ƙaramin ayari har Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka komo suka zauna a Girku ta ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai Likita Mila, wanda ya shiga birnin Zariya a 1905, kuma ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Su kuwa 'yan Katolika, a 1907 suka kafa tasharsu a Shandam, can ƙasar Filato, wadda ta zama uwa ga dukan aikinsu a Arewa.

Akwai abin da ya tsare wa waɗannan mutane hanya. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Magadansa suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar mishan su yi wa'azi a biranen sarakunan Musulmi ba sai da izini, izinin kuwa da wuya a ba da shi. Don haka a Kano da Zariya da Katsina, coci bai sami wurin zama ba sai a bayan ganuwa, a sabon gari, inda baƙi suke. Ita kanta tashar Mila an fitar da ita daga birnin Zariya zuwa Wusasa a 1929. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da ya sa Kaduna ta fita daban ba.

Garin gwamna

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da fadar sarki mai daɗaɗɗen tarihi. Ko da yake ƙasar tana cikin masarautar Zazzau, kuma Gwari suna zaune a kewayen tun da daɗewa, garin kansa reluwe da gwamnati ne suka haife shi. Hanyar jirgi daga Baro ta ƙetare kogin ta isa Kano a 1911. Lugga ya ga wurin yana da ruwa, da fili, da hanyar jirgi, ya zaɓe shi wajen 1913, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Wajen 1927 kuma hanyar jirgin gabas da ta taso daga Fatakwal ta zo ta haɗu da ta Ikko a kudancin kogin.

Sai aka raba aiki tsakanin gaɓoɓin biyu. Kudu ta sami mahaɗar jirgi, daga baya kuma masaƙu, tun daga na farko da aka buɗe a Kakuri a 1957. Arewa kuwa ta sami gidan gwamna, da sakatariya, da barikin soja, da unguwar Turawa, da kasuwa, da unguwar ma'aikata 'yan ƙasa. Su wane ne waɗannan ma'aikata? Akawuna ne da masu buga waya da kafintoci da birkiloli da direbobin jirgi, da yawansu daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, wasu ma daga Saliyo da Gwalkwas, tare da Hausawa da Nufawa da Barebari 'yan kasuwa da sojoji da leburori. Har yanzu sunayen titunan tsakiyar gari suna ba da wannan labari, ga titin Ikko, ga na Ibadan, ga na Abekuta, ga na Kano, ga na Katsina, duk a jere.

Waɗannan baƙi sun zo da addininsu a ƙirji, kuma su ne suka fara taruwa don sujada, sa'an nan limamai suka biyo su. Wannan shi ne amsar tambayarmu ta biyu. Manyan majami'un sun zauna arewa da kogi ne domin a nan mabiyansu suke kwana, a nan suke aiki, kuma babu ganuwar da za a ce su tsaya bayanta. A Kaduna kowa baƙo ne, saboda haka coci da masallaci suka tashi a tsakiyar gari tare.

Yadda aka girka kujerun

Ta wajen Katolika, a 1911 aka yanka wata gundumar mishan mai hedkwata a Shandam, wadda wakilin Paparoma ke riƙo tun ba a kai ga naɗa cikakken bishop ba. A 1934 aka raba ta biyu, Jos da Kaduna, aka danƙa Kaduna ga Fada Thomas Hughes. A 1943 Fada John McCarthy, mutumin Ailan, ya gaje shi. A 1953 Kaduna ta zama cikakkiyar dayosis, a 1959 kuma, shekara guda kafin samun mulkin kai, aka ɗaga ta ta zama mazaunin babban bishop. Tun daga wannan shekara har 1994, lokacin da aka ɗaga Jos da Abuja, kujerar da ke majami'ar Yusufu ita kaɗai ce mai wannan daraja a duk Arewa. Daga jikinta aka yanki Sakkwato a 1953, da Minna a 1964, da Kano a 1991, da Kafanchan a 1995, da Zariya a 2000. A 1975 Peter Yariyok Jatau, ɗan kudancin wannan jiha, ya hau kujerar, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zauna a kanta. Ya riƙe ta har 2007, Matthew Man-Oso Ndagoso ya gaje shi.

Ta wajen Angalikan, Arewa ta daɗe tana ƙarƙashin bishop na Ikko. A 1954 aka ƙaddamar da dayosis ta Nijeriya ta Arewa, John Mort ya zama bishop ɗinta na farko, aka girka kujerarsa a majami'ar Mika'ilu. Ku dubi girman wannan gunduma, daga Sakkwato har Maiduguri, mutum ɗaya da mota ɗaya a kan hanyoyin wancan zamani. Festus Segun ya gaje shi a 1970, sa'an nan Titus Ogbonyomi a 1975. Bayan cocin Angalikan na Nijeriya ya tsaya da ƙafarsa a 1979, sai aka yanki Kano da Jos a 1980, abin da ya rage aka kira shi Kaduna. Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi karatu mai zurfi a kan Musulunci, ya riƙe kujerar daga 1998 zuwa 2015, lokacin da aka naɗa shi babban sakataren ɗarikar Angalikan ta duniya.

Ku lura da shekarun nan, 1953 da 1954 da 1959. Su ne shekarun da Jihar Arewa ke kafa majalisarta da ministocinta da Firimiyanta. Coci ya bi sawun gwamnati ne, ya ajiye karagarsa inda aka ajiye ta mulki.

Sunayen ma abin dubawa ne. Mika'ilu dai mala'ika ne wanda Musulmi da Kirista duk suka sani. Shi kuwa Yusufun da ake nufi a nan ba Annabi Yusufu ɗan Yaƙubu ba ne, kafintan Nazarat ne wanda Kirista suka sani a matsayin mijin Maryamu, kuma 'yan Katolika suna ɗaukarsa majiɓincin ma'aikata. Sunan ya dace da garin da kafintoci da ma'aikatan reluwe suka gina.

Ƙasa ko siminti

Yanzu mu zo ga gini. A lokacin da mishan suka zo, ƙasar Hausa tana da nata ilmin gini mai zurfi. Magini yana dunƙula tubali, ya jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya yi rufi da azara, wato tsagin giginya wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. Tun da azara tsawonta ƙayyadadde ne, in ana son faffaɗan ɗaki sai a riƙa ɗaura ta bisa juna daga bango biyu, tana lanƙwasowa har ta haɗu a tsakiya, a lulluɓe ta da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo, a kansa kuma ake ɗora tulluwa. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim.

Da aka koma Wusasa a 1929, a zamanin Guy Bullen, da wannan fasaha aka gina majami'ar Bartalamawus. Maginan Hausa ne suka gina ta da ƙasa, har ta zama in ka shiga sai ka ji kamar a soron wani babban gida kake. Tana nan tsaye, kuma daga baya ita ma ta zama mazaunin bishop. Wannan ya nuna cewa dogon zauren nan da aka gada daga Rum yana iya sa rigar Hausa ta zauna masa daidai.

To, me ya sa Kaduna ba ta bi wannan hanya ba? Ina ganin dalilai huɗu ne. Na farko ruwan sama, domin abin da ke zuba a Kaduna a shekara ya haura milimita 1,000, ya fi na Kano, damina kuma ta fi tsawo, rufin ƙasa kuwa kowace shekara sai an yi masa yaɓe. Na biyu reluwe, wanda ya riƙa sauke siminti da kwano da katako da rodi a tasha, abin da a da sai dai a ɗauko a ka. Na uku su wane ne maginan da masu biyan kuɗin, domin birkila da kafintan da suka koyi sana'a a Ikko ko Anacha abin da suka sani suke ginawa, akawun da ya ba da sulensa kuma so yake ya ga irin cocin garinsu. Na huɗu yawan jama'a, domin bakan gizo yana da iyakar faɗin da zai iya ɗauka, amma da ƙarfe da kankare ana rufe zauren da zai ci mutum ɗaruruwa ba ginshiƙin da zai tare wa kowa gani.

Daɗin daɗawa, shekarun da aka girka kujerun nan su ne shekarun da masu zanen gini irin su Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana Jami'ar Ibadan, suke koyar da cewa gini a ƙasa mai zafi dole ya yi numfashi. A Turai damuwar magini ita ce ya shigo da haske ya hana sanyi. A nan kuwa so ake a tare rana, a bar iska ta ratsa, a kawar da ruwan sama daga bango. Saboda haka duk wanda ya zagaya majami'u da makarantu da ofisoshin Kaduna na wancan zamani zai ga rufi mai tudu wanda bakinsa ya zarce bango, da tagogi masu fuskantar juna, da bulo mai huda-huda. Iska da rana ba su san addinin mai gini ba, don haka za ka tarar da dabaru iri ɗaya a coci da masallaci da sakatariya.

Abin da ke ciki

Wanda ya shiga babbar majami'a da idon nazari, ga abin da zai nema. Kusa da ƙofa ko a wani gefe akwai kwamin baftisma, alamar shiga addinin. Daga nan sai dogon zaure da bencina a jere, da hanya a tsakiya wadda ke kai ido kai tsaye zuwa bagadi, wato teburin da ake hidimar jibi a kansa. Akwai wurin karatun Littafi, akwai mumbarin wa'azi, kalmar da Kirista Bahaushe ya ara daga masallaci ba tare da wani nauyin baki ba. A kusa da bagadi kuma ga kujerar bishop, wadda ba mai zama a kanta in ba shi ba. A ta Katolika za ka ga hotuna 14 a jikin bango masu nuna matakan hanyar gicciye, da wata fitila mai ci dare da rana kusa da ma'ajiyar jibi. A ta Angalikan ado bai kai haka yawa ba, an fi ba karatu da waƙa muhimmanci.

Wani babban canji ya zo bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. Kafin sa'an nan da Latinanci ake hidimar Katolika, limami yana fuskantar bagadi ya ba jama'a baya. Bayan taron aka janyo bagadi daga bango, limami ya fuskanci mutane, aka kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida. A Arewa harshen da ya fi cin wannan gajiya shi ne Hausa, domin ita ce ke haɗa Bajju da Atyap da Gwari da Angas in sun taru a Kaduna. Wannan babi ne na tarihin harshenmu wanda ya cancanci ɗalibai su zauna a kansa.

Kada kuma a manta cewa majami'a ba ta tafiya ita kaɗai, makaranta da asibiti suna biye da ita. Kwalejin St. John, wadda aka buɗe a 1949, ita ce ta koma Kwalejin Rimi, ta 'yan mata da ke Kakuri kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, bayan gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan a 1972. Musulmi da Kirista da yawa da suka riƙe ofisoshin wannan ƙasa a benci ɗaya suka zauna a waɗannan makarantu.

Da kogi ya zama iyaka

Ran 14 ga Fabrairu, 1982, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna, ya naɗa limamai masu yawa a Dandalin Murtala, a tsakiyar gari, a gaban dubban mutane. An shirya zai gana da shugabannin Musulmi, ganawar ba ta yiwu ba, sai ya karanta jawabin da ya tanada dominsu a filin jirgin sama, gaban gwamna da muƙarrabansa. Wannan rana ta nuna fuska biyu ta garin, wato yalwar zuciyar da ta karɓi baƙo, da kuma tsagar da ta soma bayyana a bango. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Katab na 1992 duk sun fantsamo har Kaduna. A Fabrairu da Mayu na 2000 aka yi rikicin shari'a, wanda ya ci rayuka fiye da 1,000. A Nuwamba 2002 aka sake wani a kan gasar sarauniyar kyau, mutum fiye da 200 suka mutu. An ƙone coci-coci, an ƙone masallatai. Bayan haka mutane suka yi ta sayar da gidaje suna ƙaura, Kirista suka gangara Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Television, Musulmi suka hauro Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Har aka kai ga wasu suna kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa Ƙudus. A Oktoba 2012 kuma aka kai harin bam cocin St. Rita da ke Malali ana cikin sujada.

Duk da haka kujerun nan biyu ba su ƙaura ba. Suna nan inda aka girka su, kuma ranar Lahadi da ranakun manyan bukukuwa mutane suna ƙetaro gada su zo wurinsu, kamar yadda ma'aikata da 'yan kasuwa ke ƙetare ta sauran ranaku. A nan ne nake ganin darajar gine-ginen ta wuce ta siminti da kwano. Yaron da aka haifa bayan 2000 a Rigasa ko a Sabon Tasha yana iya tashi da zaton cewa tun fil azal haka garin yake a rabe. Babbar majami'a a arewacin kogi, kamar tsohon masallaci a kudancinsa, hujja ce a tsaye mai ƙaryata wannan zato. Ranar da aka wayi gari ɗaya daga cikinsu ta tashi saboda tsoro, to, ranar ce rabuwar ta zama tabbatacciya. Shugabannin addini 22 da suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002, rabi Musulmi rabi Kirista, bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, wannan hatsari suka hango.

Kammalawa

Zan rufe da roƙo ga ɓangarori biyu na masu saurarona. Ku ma'aikatan gwamnati, musamman na ofisoshin filaye da tsara birane, ku sani cewa Kaduna gari ne wanda bai daɗe da cika shekara 100 ba, saboda haka ginin da ya shekara 60 ko 70 a cikinsa tsoho ne, yana da hakki a kanku. Tun 1979 akwai hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da kayayyakin gado, kuma babu abin da zai hana jiha ta yi nata jerin gine-ginen da ba za a rushe ko a sake musu kama ba sai an auna su, an zana su, an ɗauki hotonsu. A sa masallatai da majami'u da tashar jirgi da tsofaffin makarantu a jeri ɗaya, domin tarihinsu ɗaya ne.

Ku kuma ɗalibai, Gidan Ajiye Takardun Tarihi na ƙasa yana nan Kaduna, Gidan Arewa yana nan, majami'un kansu suna da littattafan baftisma da na aure waɗanda ke nuna garin da kowane mutum ya fito da sana'ar da yake yi. Akwai kuma tsofaffin birkiloli da kafintoci da 'ya'yansu, waɗanda in ba a je an zauna da su yanzu ba, za su tafi da abin da suka sani. Mai neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, ga shi nan a bakin titin da yake bi kullum. Waiwaye, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.